Ƙahon Barewa, Ƙoƙon Kunkuru ko Romon Agara: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka Cikin Magungunan Gwiwa na Sinawa?

Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Guangzhou ba ya rabuwa da saƙo ɗaya: in ka je ka nemo wa Hajiya maganin gwiwa. Wanda bai taɓa hawa jirgi ba ma yanzu tallar tana iske shi cikin waya, kwali ja da rubutun ruwan zinariya, ga hoton barewa ko damisa a jiki. To amma abin da ake kira maganin gwiwa na Sin ba abu ɗaya ba ne. Akwai na ƙaho, akwai na ƙoƙon kunkuru, akwai na ƙashi, akwai maciji cikin kwalba, akwai kuma wanda miya ce kawai ake dafawa a gida. Farashinsu ya bambanta nesa ba kusa ba, haka hatsarinsu, haka hukuncinsu a wurin musulmi.

Sai an fahimci yadda likitan gargajiya na Sin yake kallon gwiwa kafin a gane dalilin wannan tarin. A wurinsu ƙoda ce ke riƙe da ƙashi, hanta kuma ita ke ciyar da jijiyoyi. Dattijon da gwiwarsa ta saki, ƙugu ya yi nauyi, ba ya iya miƙewa sai ya dafa, sai su ce ƙarfin ƙoda da hanta ne ya ragu, maganinsa abin da zai ƙara. Wanda kuma gaɓarsa ke sara lokacin damina ko hunturu, ciwon yana yawo daga nan zuwa can, sai su ce iska da sanyi da laima ne suka shige shi, maganinsa abin da zai kore su. Bahaushen da ya saba jin "sanyi ne ya kama shi" ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ƙaho da kunkuru na rukunin farko ne, maciji da kunama na biyu. Saboda haka ko a ƙa'idarsu, wanda ya shiga kanti ya ɗauki kwali don ya ga hoton gwiwa a jiki ya riga ya kauce hanya.

A asibiti kuwa, mafi yawan ciwon gwiwar manya zaizayewar guringuntsi ne, wato shimfiɗar nan mai santsi da ke hana ƙashi gogar ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da wannan ciwo, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma kashi 60 cikin ɗari mata ne. Har yau babu wani magani, na Sin ko na Turai, da aka tabbatar yana mayar da guringuntsin da ya cinye. Abin da ake nema shi ne rage zafi da samun ikon tafiya. Da wannan mudu ya kamata a auna kowanne.

Ƙahon barewa, wanda suke kira lu rong, shi ne sarkin rukunin masu ƙara ƙarfi. Ba barewarmu ta daji ba ce, ta ƙasashen sanyi ce mai ƙaho mai rassa, wadda namijinta ke zubar da ƙahon duk shekara ya sake tsiro da sabo. Sabon yana fitowa da laushi, lulluɓe da gashi mai taushi, cike da jini da guringuntsi, yana iya ƙara kusan santimita 2 a rana. Ana yanke shi bayan kamar wata biyu, kafin ya ƙanƙare ya zama ƙashi, a busar, a yanka shi fale-fale. Yankan da aka ciro daga tsini shi ya fi tsada, yana sheƙi kamar kaki. Ana saukowa ƙasa daraja na raguwa, har a zo gindi inda kusan ƙashi ne zalla. A nan ake cin baƙo a kasuwa: a sayar masa da na gindi a kuɗin na tsakiya. Lardin Jilin da ke arewa maso gabashin Sin ya shahara da kiwon wannan dabba, amma mai yawa daga cikin abin da ke kasuwa daga gonakin Niyu Zilan yake zuwa, ƙasar da ke kan gaba wajen fitar da shi zuwa Sin da Koriya ta Kudu. Can doka ta wajabta a kashe wa dabbar zafi kafin a yanka, ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi.

Cikin dukan magungunan dabbobin nan, shi ne aka fi gwadawa a kan mutane a wajen ƙasar Sin, kuma sakamakon bai kai kurin da ake yi masa ba. A Kanada an gwada shi sau biyu a kan masu amosanin gaɓɓai, irin wanda garkuwar jiki ke far wa gaɓa. Gwaji na biyu, da aka wallafa a 2008, ya ɗauki mutum 168 tsawon wata shida, kuma ba a ga bambanci tsakanin masu shan ƙahon da masu shan ƙwayar da babu komai cikinta ba. A 2012 wasu masana a Niyu Zilan ɗin kanta suka tattara gwaje-gwaje bakwai da suka cika sharaɗi, suka ce iƙirarin da ake yi bai tsaya da ƙafafunsa ba, in ban da zaizayewar guringuntsi inda gwaji ɗaya ƙarami ya nuna alamar sauƙi. Alama ce, ba hujja ba. Wanda ke da kuɗin da ba zai yi kukan rashinsu ba, yana iya gwadawa da sanin haka.

Sai dai akwai waɗanda ko likitan Sin ba zai ba su ba. Suna ɗaukarsa abu mai zafi ƙwarai, ana farawa da ɗan kaɗan, gram 1 zuwa 2 na gari a rana, domin yawansa na kawo haɓo da jiri da jan ido. Ba a ba mai hawan jini, ba a ba mai zazzaɓi, ba a ba wanda gwiwarsa ta kumbura ta yi zafi. Ka dubi iyayenmu da aka fi saya wa wannan kaya, nawa ne ba sa shan maganin hawan jini? 'Yan wasa ma an gargaɗe su, saboda yana iya ƙunsar sinadarin girma na IGF-1 wanda aka haramta a gasa.

Ga kuma batun addini, wanda masu talla ba sa ɗagawa. Daga jikin dabba mai rai ake yanke wannan ƙaho, yana da jini a cikinsa, kuma hadisi sananne ne cewa abin da aka yanke daga dabba tana raye mushe ne. A mazhabar Malikiyya ƙahon mushe da ƙashinsa da kofatonsa ba su da tsarki, Hanafawa kuma sun sassauta a kan ƙaho da ƙashi. Mas'ala ce ta a zauna da malami, a kuma gaya masa ainihin yadda ake samun abin, ba a ce masa "ƙahon barewa" kawai ba ya ɗauka na farauta ne.

Ƙoƙon kunkuru, gui ban, kishiyar ƙaho ne a lissafinsu: shi mai sanyi ne, ana ba wanda ƙafafunsa suka yi laushi, yana gumin dare, tafin hannu na zafi. Ɓangaren ƙasa na ƙoƙon aka fi amfani da shi, na wani ƙaramin kunkurun ruwa da ake kiwo a gonaki domin na daji ya kusa ƙarewa. Ba kasafai ake shan sa shi kaɗai ba. Fitaccen haɗin da za ka ci karo da shi, musamman a Taiwan da Hong Kong, shi ne Guilu Erxian Jiao, wanda ya samo asali tun daular Ming: ƙahon barewa da ya ƙanƙare, ƙoƙon kunkuru, saiwar tsiron da ake kira ginseng, da jajayen 'ya'yan itacen goji. Ana tafasa ƙahon da ƙoƙon kwana da kwanaki har ruwan ya kafe ya zama danƙo, a daskarar, a yanka ƙanana. Dattawan Taiwan sun yarda da shi a kan gwiwa matuƙa. An yi ɗan bincike can a kan tsofaffi maza 'yan ƙalilan na mako 12, aka ba da rahoton sauƙin ciwo da ƙarin ƙarfin tsoka, amma gwajin ya yi ƙanƙanta da a gina hukunci a kansa. In ka cire saiwar da 'ya'yan itacen, abin da ya saura cikin danƙon kusan shi ne abin da ke daskarewa a saman romon ƙafar sa in ya kwana. Yana da nauyi a ciki, mai kumburin ciki ko gudawa ba ya jure shi, kuma a al'ada ana zuba giyar shinkafa da sukari wajen dafa irin waɗannan danƙo. Mai ciwon sukari da mai kiyaye halal duk suna da tambayar yi.

Idan aka ajiye su biyun gefe da gefe, ƙaho ya fi tsada, ya fi samun bincike, ya fi hatsari ga mai hawan jini. Danƙon kunkuru ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin sha, amma ya fi sauƙin jabu, domin da ido ba ka bambance shi da danƙon fatar saniya ko ta alade.

Ƙashin damisar Asiya mai ratsi-ratsi ba ya cikin zaɓi, duk da shi ne sunan da ya fi jan hankali. Tsohon haɗin Hu Qian Wan, na likita Zhu Danxi a ƙarni na 14, an yi shi ne musamman don ƙafafun da suka saki, kuma da wannan ƙashi a ciki. Amma gwamnatin Sin ta haramta cinikinsa tun watan Mayun 1993, ta cire shi daga kundin magungunanta. A Oktoban 2018 ta yi yunƙurin buɗe ƙofa ga na gonaki, duniya ta yi ca, cikin 'yan makonni aka ɗage aiwatarwa. Damisar kudancin Sin da aka ƙiyasta ta kai 4,000 a shekarun 1950 yau ba a ganin ko ɗaya a daji. Don haka duk wanda ya jawo ka lungu ya ce yana da na gaske, ɗayan biyu ne: ko ƙarya yake, ƙashin saniya ne aka ƙawata, ko gaskiya yake, ka sayi abin da zai kai ka kurkuku a filin jirgi. Shi kansa ƙashin, sinadaran da ke cikinsa irin na ƙashin sauran dabbobi ne. Buƙatarsa ta kai har an koma kan zakunan Afirka: Afirka ta Kudu ta ba da izinin fitar da ƙwarangwal 800 a 2017, ta ɗaga zuwa 1,500 a 2018, kafin kotu ta ce ba a bi doka ba a 2019.

Abubuwan da suka maye gurbinsa su ne ke cika kantuna. Akwai ƙashin wani ɓera mai tona rami a tsaunukan Qinghai, da suke kira sailong. Akwai "ƙashin damisa na haɗi", wanda ake yi da ƙasusuwan dabbobin kiwo, kamar na cikin ƙwayar Jintiange. An yi gwaje-gwaje a kansa, amma kusan dukansu a cikin Sin, kuma kwalin ba ya faɗa maka ƙashin wace dabba ce. Cikin waɗanda aka yi nazarinsu a matsayin madadi har da kare da alade. Wasu kamfanonin kuma sun koma ƙashin damisa mai roɗi-roɗi, wadda ita ma yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta hana tsallaka iyaka da ita. Af, man zafin nan Tiger Balm babu damisa a cikinsa ko kaɗan, kafur ne da mantol da man tsirrai, don haka kada a haɗa shi da wannan zance.

Maciji, kunama da shanshani su ne na korar sanyi. Kundin magungunan Sin da kansa ya rubuta kunama da shanshani cikin masu dafi, ya hana mai ciki, kuma likita ne ke auna su 'yan kaɗan cikin haɗi. Yadda talakan Sin ya fi sanin su shi ne a jiƙe cikin barasa mai ƙarfi, wanda wannan kaɗai ya rufe mana zancen. Ƙari a kan haka, ana yawan jefa wata saiwa mai guba da suke kira wutou cikin irin wannan jiƙo, kuma tana tsayar da zuciya. Ana samun mace-mace a Sin ta wannan hanya, musamman in an sha wanda aka yi don shafawa.

Abu biyu sun shafe mu kai tsaye, ko da ba mu saya ba. Na farko ejiao, danƙon fatar jaki da ake yi a Dong'e ta lardin Shandong. Wasu na cusa shi cikin tallar ciwon gaɓɓai, alhali ko a wurin masu shi maganin ƙarin jini ne, ba na gwiwa ba. Shi ne ya sa jaki ya yi tsadar da manomi ya kasa saya a kasuwanni irin Maigatari. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, bayan da aka fitar da kusan 80,000 cikin 'yan watanni, alhali a shekarar da ta gabata 27,000 ne, kuma Tarayyar Afirka ta amince da haramta yanka su don fata a Fabrairun 2024. Na biyu ɓawon ɗankunya, wanda ake cewa yana buɗe hanyoyin jini a gaɓa. Abin da aka yi farce da shi, da shi aka yi wannan ɓawo. An hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 2017, Sin ta cire shi daga jerin manyan kayan haɗi na kundin magungunanta a 2020, amma sunan Najeriya ya riga ya ɓaci a kansa: a Afrilun 2019 Singafo ta kama kusan tan 13 a kwantena ɗaya da ta taso daga nan.

Babban hatsarin da nake gani ma ba a dabbar yake ba, yana cikin abin da ba a rubuta a kwali ba. A Taiwan an taɓa auna samfuri 2,609 na magungunan gargajiya, aka tarar kashi 23.7 cikin ɗari an gauraya su da maganin asibiti a ɓoye, irin su indometasin da firednisolon, kuma na ciwon gaɓɓai na cikin waɗanda abin ya fi shafa. A 2015 masana a Ostireliya suka auna kwalaye 26, rabinsu na ɗauke da magungunan da ba a ambata ba, har da diklofenak da deksametason, ɗaya kuma da ɓurɓushin damisar ƙanƙara. Deksametason shi ne "deksa" ɗin da 'yan mata ke sha don ƙiba. Irin waɗannan ne ke danne zafi nan take, shi ya sa in aka ce maka Baba ya sha kwana biyu ya ajiye sanda, wannan ba abin murna ba ne. Ko masu ƙaho da kunkuru ba su ce suna aiki cikin kwana biyu ba, watanni suke faɗa. Sauƙin gaggawa rance ne mai ruwa: za a biya da kumburin fuska, hauhawar sukari da jini, gyambon ciki, lalacewar ƙoda, da ƙashin da zai ƙara rauni. Kuma wanda ya ɗauki makonni yana sha bai kamata ya yanke rana ɗaya ba, sai ya je asibiti da kwalin a hannu, domin daina irin wannan sinadari farat ɗaya na iya kayar da mutum.

Saura mafi arha. Mutanen Guangdong sun yi imani cewa gaɓa tana gyara gaɓa, shi ya sa suke dafa ƙafar kaza da gyaɗa, ko jijiyar sa, ko jijiyar barewa, su bar ta a wuta sa'o'i har ta narke. Musulmin Hui na Lanzhou da Xi'an suna da nasu na sa da na rago, yankan halal. Wannan farfesun agara da ƙafar sa ne, wanda kowace uwargida ta iya. Gaskiyar magana, ciki yana narkar da shi kamar kowane nama, ba ya ɗaukarsa ya kai gwiwa ya liƙa. Gwaje-gwajen da aka yi a kan garin kolajin, wato sinadarin danƙon da ke cikin agara da fata, sun nuna ɗan sauƙi kaɗan, da yawansu kuma kamfanonin da ke sayarwa ne suka biya kuɗinsu. 'Yan'uwansa gulukosamin da kwandirotin, da ake cirowa daga ɓawon jatan lande da guringuntsi, an gwada su a Amurka a kan mutum 1,583, aka wallafa a 2006 cewa a dunƙule ba su fi ƙwayar banza ba. Amma romo abinci ne. Tsohon da haƙora suka ragu, cin nama ya gagare shi, tsokar cinya ta zube, zai amfana da shi. Ka san dabbar, ka san mahaucin, ka san abin da aka zuba. A kwashe man da ya taso, a rage gishiri da dunƙule, kuma mai ciwon nan da ke kumbura babban yatsan ƙafa cikin dare ya yi hankali, romon nama yana tayar da shi.

Da za a tambaye ni abin da ya fi kowanne amfani ga gwiwa cikin abin da ya fito daga Sin, zan ce wanda babu dabba a cikinsa ne: taici, motsa jikin nan na sannu-sannu da tsofaffi ke yi a filayen Guangzhou da sassafe. A Boston an raba mutum 204 masu ciwon gwiwa gida biyu, rabi taici, rabi gashin ƙashi na asibiti, tsawon mako 12, kuma sakamakon da aka fitar a 2016 ya nuna sauƙin ya zo daidai. Ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka a 2019 ta sa shi cikin abubuwan da ta ƙarfafa a yi, tare da motsa jiki, rage ƙiba, riƙe sanda da man shafawa mai kashe zafi. Ta kuma ce a bar gulukosamin. Kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Ga Hajiyar da ba za ta fita fili ta yi taici ba, zama a kujera tana miƙe ƙafa tana riƙewa, da tafiya kaɗan-kaɗan bayan la'asar, da sauya masai na tsuguno, da yin salla a zaune in sujada ta gagara, duk hanya ɗaya suke bi.

Wanda duk da haka ya ƙudura sai ya sayo wani abu, to ya tsaya a kan ƙaho ko danƙon kunkuru, bayan ya ji ta bakin likita da malami. Ya saya a babban kantin magani mai rajista, ba a tebur ko hannun dillali ba. Ya sa a karanta masa jerin abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ya duba lambar izinin hukumar magunguna ta Sin, in kuma a gida ne lambar NAFDAC. Kwalin da ya yi alkawarin warkar da gwiwa da sukari da ƙarfin maza gaba ɗaya a mayar da shi inda aka ɗauko. Ya sa wa kansa wa'adin wata uku, yana auna jini da sukari, in babu canji a tafiya ko hawa bene ya daina kashe kuɗi. Mai shan maganin tsinka jini, mai ciwon ƙoda, mai ciki da mai shayarwa ba sa cikin wannan rangwame.

Akwai kuma gwiwar da ba ta jiran saƙo daga Guangzhou. Wadda ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, wadda ta ƙi ɗaukar nauyi bayan faɗuwa, wadda ke sarƙewa ta ƙi miƙewa, ta mai sikila, ko ciwon da ya kama gaɓɓai da yawa da sandarewar safe ta fi awa ɗaya, waɗannan na asibitin ƙashi ne, irin na Dala, a yi hoto a yi gwajin jini a cikin makon.